Shafin Kwashe Shara da Makaho Zai Biya Kuɗi a Kansa Ba Ɗan Jagora

A Kamarawa da sauran ƙauyukan ƙasar Isa da Sabon Birni, ba a saba biyan wani don ya kwashe shara ba. Juji dukiya ne. Toka da kashin awaki da ƙaiƙayi su taru a bayan gida, bazara na kamawa a labta wa jaki ko amalanken shanu a kai gona. Abin da ya ɓata wannan tsari leda ce da robar lemo, waɗanda ƙasa ba ta ci, tunkiya kuma ta haɗiye ta kumbura. A birane kamar Sakkwato da Kano da Kaduna kuwa, kwasar shara ta zama sana'a sosai: ɗan kwangila mai tifa ɗaya ko biyu yana bin otal-otal da gidajen burodi da makarantun kuɗi da shaguna, ana biyansa wata-wata. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa aikin a wuyan ƙaramar hukuma, amma a manyan birane hukumomi na musamman ne ke riƙe da shi, REMASAB a Kano, LAWMA a Legas, AEPB a Abuja.

Irin waɗannan 'yan kwangila yanzu kowa so yake a ce yana da shafin intanet. Wanda ake ba aikin ginawa kuma sau da yawa yaronmu ne da ya karanta kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Umaru Ali Shinkafi. Da kai nake magana, da kuma mai kamfanin da zai biya ka.

Cikin masu shagunan da za su shiga shafinka akwai gurgun da shan inna ta taɓa tun yana yaro, yau yana gyaran waya a bakin tasha. Akwai kurma tela. Akwai wanda kuturta ta cinye wa yatsu, ya warke a Amanawa, ya kama kasuwanci. Akwai zabiya mai kemis da hasken allo ke damun idonta, da dattijon da yanar ido ta fara rufe wa gani ko rabin jikinsa ya shanye, amma har yau shi ke riƙe da lissafin shagonsa. Yankinmu ya sha fama da amosanin ido, shi ya sa ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana aiki a Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai nauyi. Ba tsiraru ba ne, kuma ba duka ne ke bara ba.

Ma'aunin da nake so ka riƙe guda ɗaya ne: mai shago makaho ya iya neman a kwashe masa shara, ya san ranar da mota za ta zo, ya biya, ya kai ƙara idan ba a zo ba, duk ba tare da ya miƙa wa wani wayarsa ba. Wurin biyan nan ne gizo ke saƙa. Duk shafin da ya tilasta wa mutum ya faɗa wa yaron shago lambar sirrinsa ta banki, ya tona masa asiri, komai kyawun launinsa.

Doka ma tana nan. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta fi yin bayani kan gine-gine da motoci da makaranta da ɗaukar aiki, amma sashenta na farko ya hana kowane mutum ko ma'aikata nuna wariya ta kowace hanya. Tarar kamfani naira miliyan 1 ce, ta mutum ɗaya naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. A Amurka wani makaho, Guillermo Robles, ya kai kamfanin Domino's ƙara a 2016 don ya kasa sayen abinci ta shafinsu, a Oktoban 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron kukan kamfanin. Ƙa'idojin da duniya ke aiki da su wajen gina shafin da kowa zai iya amfani da shi su ne WCAG na ƙungiyar W3C, bugu na 2.2 ya fito a Oktoban 2023, matakin da ake nema kuma shi ne AA. Alƙaluman ƙa'ida da zan kawo daga can suke.

Fara da kashe idonka

Kafin ka rubuta layi ɗaya, ɗauki Tecno ko Itel ɗin da ke aljihunka, shiga saiti, kunna TalkBack. Manhaja ce da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo. Ka shafa yatsa dama ta faɗi abu na gaba, ka ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe shi. A iPhone sunanta VoiceOver. A kwamfuta akwai NVDA, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta tun daga 2006. Ka ɗaura rawani ko hula a ido ka shiga shafin wani kamfani da ka sani. Ba za ka yi nisa ba za ka ji muryar tana maimaita cewa ga maballi, ga maballi, ga hoto, ba ta faɗi na mene ne ba. Wannan ita ce cutar da za ka yi magani.

Manhajar ba ta ganin allo, ƙashin ginin shafin take bi. Saboda haka kowane abu ka kira shi da sunansa na gaskiya a HTML. Maballi ya zama button, ba akwatin div da aka shafa wa launi ba. Kanun shafi su bi tsari, h1 guda ɗaya a sama, h2 a ƙarƙashinsa, domin makaho da kanu yake tsallake-tsallake kamar yadda mai ido ke wurga ido. Kowane gurbi a fom ya sami label da aka ɗaure masa. Rubutun nan mai dishi-dishi da ke cikin gurbi, wanda ke ɓacewa da an fara bugawa, ba ya wadatarwa. Alamar WhatsApp da ta tarho da ke ƙasan shafi su ma a ba su suna: “Kira ofishinmu”, “Aiko saƙo ta WhatsApp”.

Hoto kuma a sa masa bayani a gurbin alt, bayanin da ke da amfani. “Hoto na 1” ba bayani ba ne. “Durom mai cin lita 240, mai taya biyu da murfi” bayani ne, domin mai gidan abinci da shi za ta san ko zai ishe ta. Hoton ado kawai, kamar ganye ko gajimare, a bar alt ɗinsa fanko don manhajar ta wuce shi shiru.

Ga kuskuren da ya fi yawa a wurinmu, kuma a kansa zan tsaya. Mai kamfani ya je wurin mai zane, a yi masa fosta mai ƙyalli ɗauke da farashi da ranaku da lambar asusu, ya turo maka ta WhatsApp ya ce ɗora. Ka ɗora, ka huta. To duk abin da ke cikin fostar nan, ga makaho babu shi. Ga mai raunin gani ma, da ya buɗa ta sai haruffan su dagargaje. Mai shago ba zai iya kwafe lambar asusun ba sai ya haddace ta lamba goma. Ka zauna ka buga farashin da hannunka, rubutu na gaske. Idan jadawali ne, a yi shi da table mai kan layi da kan ginshiƙi. Ranar kwasa a rubuta ta da kalma, a ce unguwa kaza Talata da Juma'a da safe, kada a tsaya ga kalandar da aka shafa wa wasu ranaku kore. Kuɗi a rubuta “naira 5,000 a wata”, a bar gajerce-gajercen da muryar za ta karanta kamar tana tari. Takardar yarjejeniya da aka ɗauka hoto aka mayar PDF ita ma hoto ce, ba ta karantuwa.

Harshe da murya

Mafi yawan wayoyin da ke hannun mutanenmu da muryar Turanci suke karatu. Idan ta ci karo da Hausa takan karkace, haruffa masu ƙugiya kuma, ɓ da ɗ da ƙ, tana iya tsallake su ko ta kira su da wani suna. Wannan bai zama dalilin zubar da ƙugiya ba. Ka rubuta Hausa daidai, ka sa alamar lang="ha" a shafin Hausa, lang="en" a na Turanci, don duk manhajar da ke da muryar ta san wadda za ta ɗauko. Sannan ka ƙara abin da ba ya cikin littafi amma ya dace da mu: a samu mutum mai tsabtar harshe ya karanta farashi da ranaku da yadda ake biya, a naɗa, a sa maballin saurare a saman shafin. Wannan zai amfani makaho, ya amfani Alhajin da ajami kawai ya iya. Sharaɗi ɗaya: kada sautin ya tashi da kansa. In ya tashi sai ya danne muryar TalkBack, mutum ya rasa inda zai kashe shi.

Launi, girma da yatsa

Kamfanonin shara suna son kore, kuma farin rubutu a kan kore mai haske ba ya karantuwa, balle a rana tsaka a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, allo ya tsage, haske an rage don caji. Ƙa'ida ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, manyan haruffa 3 bisa 1. Cibiyar WebAIM tana auna shafukan farko miliyan 1 duk shekara. A 2024 ta sami kurakurai a kusan kashi 96 cikin ɗari, kuma dusashen rubutu ne kan gaba, a kashi 81. Gyaransa bai wuce duhunta koren ba. Kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo: in ja na nufin bashi, a rubuta “Ba a biya ba” a gefensa.

Rubutu ya yarda a ninka girmansa zuwa kashi 200 ba tare da ya hau juna ba, shafin kuma ya zauna daidai a allo mai faɗin pixel 320 ba sai an ja shi gefe ba. Kada ka toshe buɗawa da yatsa biyu. Abu mai walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa ɗaya na iya tayar da farfaɗiya. Hotunan nan masu zagayawa da kansu a saman shafi ma, in ka tambaye ni, a cire su baki ɗaya, data kawai suke ci.

Ka taɓa kallon wanda ba shi da yatsu yana aiki da waya? Yakan kwantar da ita a cinya ko a kan benci, ya danna da gaɓar hannu ko gefen tafi, wani lokaci ya sa ɗan alƙalamin taɓa allo a tsakanin dungun hannuwa biyu. Wurin da yake taɓawa faɗi gare shi. In “Biya” da “Soke” suna manne da juna, caca yake yi. Mafi ƙanƙantar maballi da ƙa'ida ta yarda da shi pixel 24 ne bisa 24, Android ta ba da shawarar 48. Ka bi ta Android, ka bar fili a tsakani. Duk abin da ake yi da ja ko jan yatsa, a ba shi wata hanya ta dannawa kawai. A kwamfuta kuwa ka ajiye linzami, ka bi shafin da maballin Tab daga sama har ƙasa, kana ganin inda kake a kowane mataki. In ka shiga wani akwati ka kasa fita, ka sami tarko.

Fom da biyan kuɗi

Fom ya zama gajere: sunan shago, lambar waya, inda yake, irin shara, sau nawa a mako. Wajen adireshi kada ka tilasta wa kowa dasa tsinke a taswira. Makaho ba zai iya ba, mai rawar hannu ba zai iya ba, kuma mu da kwatance muka saba. Ka bar babban gurbi mutum ya rubuta “bayan masallacin Juma'a, kusa da mai faci”. In an yi kuskure, shafin ya faɗa da kalma, a daidai gurbin, ya kuma faɗi gyaran: “Lambar waya ba ta cika 11 ba.” Kada ya goge abin da aka riga aka cika, kada ya sake tambayar abin da aka ba shi a shafin baya.

Jarrabawar nan ta zaɓo hotunan da ke da mota ko fitilar hanya don a tabbatar kai mutum ne, ƙofa ce da aka rufe wa makaho. Ƙaramin kamfanin shara ba ya buƙatarta. Ɓoyayyen gurbin da mutum ba ya gani amma manhajar ɓarna ke cikawa ya isa, ko a iyakance yawan aikowa daga wuri ɗaya. Lambar tabbatarwa da ake turowa ta saƙo kuwa, a yarda a kwafo ta a manna. Ka tuna mai TalkBack sai ya fita daga shafin, ya nemo saƙon, ya saurari lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo. In lokaci zai ƙare, a gargaɗe shi, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari da dannawa ɗaya.

Shafin karɓar kuɗi yawanci ba kai ka gina shi ba, na kamfanin hada-hadar kuɗi ne, amma kai ka zaɓo shi, saboda haka ka gwada shi da ido rufe kafin ka haɗa. Ko ya ci jarrabawa, ka ajiye wasu hanyoyin: tura kuɗi zuwa asusu, lambar USSD mai aiki a ƙaramar waya, da biya a hannu ga direba ko mai POS. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 'yan kasuwa da yawa suka saba da OPay da Moniepoint, ba baƙon abu ba ne. Kafin kuɗi su fita a nuna taƙaitawa, nawa ne, na wane wata, sannan a tabbatar. Rasit ya zo a rubuce ta saƙon tes, ba hoto ba.

Kurma, da direban da ke kira

Masu gina shafi sukan tuna makaho su manta da kurma, don suna ganin ai yana gani. Matsalarsa tana ranar kwasa. Direba ya zo ya yi hon, ya kira waya sau biyu ba a ɗauka ba, ya wuce, a rubuta cewa ba a sami mai shago ba. Maganin layi ɗaya ne a fom: “Ta yaya za mu tuntuɓe ka? Kira, saƙon tes, ko WhatsApp.” Zaɓin nan kuma ya isa takardar da ke hannun direba, in ba haka ba an yi tuya an manta da albasa. Saƙon murya bai da amfani ga kurma, kamar yadda dogon rubutu bai da amfani ga wanda bai yi boko ba.

Bidiyo a sa masa rubutu a ƙasa. In za a sa mai fassara da hannu, a sani cewa maganar hannu ta Hausa, wadda kurame ke yi a kasuwa da unguwa, daban take da wadda ake koyarwa a makarantu, mai tushe a ta Amurka. A tambayi kuramen garin wadda suka fi ganewa. Jimloli su zama gajeru ko'ina.

A fom ɗin dai, a ƙara tambaya: “Za ka iya fito da durom bakin hanya, ko mu shigo mu ɗauka?” Ba sai an tambayi mutum ciwonsa ba, kuma kada a nemi takardar asibiti. A kuma gaya wa yaran mota su mayar da durom inda suka ɗauke shi. Makaho da ƙwaƙwalwa yake sanin ƙofar shagonsa, mai keken guragu kuma ɗan gangaren nan na siminti shi ne hanyarsa kaɗai.

Ranar da babu sabis

A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Isa da Sabon Birni. Ko ba a katse ba, wanda ya san gabashin jihar ya san hawa tudu neman sabis. Don haka shafin ya zama marar nauyi, ya buɗe a Opera Mini, muhimmin bayani ya fito ko hotuna ba su sauka ba. Lambar waya ta zauna a saman kowane shafi, a danna ta kira. Ranakun kwasa su zama tsayayyu yadda mutum zai haddace, a kuma buga su a kati da manyan haruffa. In za a canza rana, saƙon tes da sanarwa ta bakin shugabannin kasuwa sun fi shafin saurin isa.

Za a zo maka da tallar wata 'yar manhaja da ake mannawa a shafi, wai layi ɗaya ya gyara komai. Kada ka kashe kuɗin maigidanka. A Janairun 2025 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta nemi kamfanin accessiBe ya biya dala miliyan 1 kan irin wannan iƙirari. Ma'aunai na kyauta kamar Lighthouse da ke cikin Chrome, da WAVE, suna da amfani, sai dai wani kaso kawai suke kamawa. Za su gaya maka hoto ba shi da bayani, ba za su gaya maka bayanin shirme ba ne.

Gwajin gaske wurin mutane yake. Ka je ka gaida Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu na garin, ko reshen JONAPWD, ƙungiyar masu buƙata ta musamman, ko malaman makarantar A.A. Raji da ke Sakkwato, ka nemi a haɗa ka da masu sana'a da ke aiki da waya. Ka biya su ladan lokacinsu, aiki suka yi maka, ba sadaka ka kai ba. Kowa ya yi amfani da wayarsa, da saitin da ya saba. Ka ce, “Malam, don Allah nemi a kwashe maka shara ranar Talata, ka biya.” Daga nan ka kama bakinka, ka sa hannuwanka a aljihu. Zuciyarka za ta yi ta ingiza ka ka nuna masa maballin. In ya tsaya, tambaya ɗaya ce taka: “Malam, me ta ce maka a nan?” Ka rubuta amsar yadda ya faɗe ta. Za ka lura yana sauraron muryar da gudun da kai ba ka tsintar komai, kada ka ce ya rage.

Abin da ya rage na mai kamfani ne. Shafi yakan lalace ne bayan an miƙa shi, ranar da kuɗin gas ya tashi aka canza farashi, sakatare ya ɗora sabuwar fosta a kan rubutun da ka sha wahalar bugawa. Ka koya wa wanda zai riƙa sabuntawa yadda ake gyara jadawalin da sa bayanin hoto, ka rubuta masa a takarda ɗaya ya manna a bango. Ka sa a yarjejeniyarku cewa duk sauyin farashi ko hanyar biya, za a sake naɗar muryar, a sake bin matakan nan huɗu, nema da sanin rana da biya da kai ƙara, da TalkBack. A ƙasan kowane shafi kuma a rubuta: “In wani abu a nan ya gagare ka, kira ko aiko saƙo ta wannan lamba,” a kuma faɗi kwana nawa ake ɗauka kafin a ba da amsa.